Yadda ake haɗa MAX232 da maikurokwantirola ba tare da an ƙona komai ba

Duk mai taɓa gyaran na'urori a Accra ya san 'yar ƙofar nan mai ƙafa tara da ke bayan sikelin dijital, ko firintar rasit ta kanti, ko UPS, ko wasu daga cikin inbatocin da suka cika gidaje tun da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya addabi mutane. Kwamfutocin yanzu sun daina zuwa da ita, amma injinan sana'a ba su rabu da ita ba. Tsarin da take aiki da shi sunansa RS-232, tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi. Matasanmu na Nima da Mamobi da suka fara wasa da Arduino sukan so su karanto nauyi daga sikeli ko ƙarfin batir daga inbata, sai su ja waya kai tsaye daga ƙofar nan zuwa ƙafar kwantirola. In an yi sa'a, shirme ne zai fito a allo. In ba a yi ba, ƙafar ta tafi ke nan.

Dalilin shi ne ɓangarorin biyu ba wuta iri ɗaya suke magana da ita ba. A wajen kwantirola irin su ATmega328P, bolt 0 shi ne sifili, bolt 5 shi ne ɗaya, kuma idan layi yana hutawa yana zaune ne a kan 5. A wajen RS-232 kuwa, ɗaya ana nuna shi da wuta nagatif, tsakanin bolt -3 da -15, sifili kuma da fozitif, tsakanin +3 da +15. Wato matsala biyu ce a haɗe: wutar ta fi ƙarfin ƙafar kwantirola, sannan a kife take. Razista biyu za su iya rage ƙarfi, amma ba za su kifar da saƙo ba, ba kuma za su samar maka da wuta nagatif da za ka mayar da amsa da ita ba. Wannan aikin ne kamfanin Maxim ya fito da MAX232 dominsa, wani ai-si, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, yau kuma kamfanoni da yawa na ƙera shi, har da Texas Instruments.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, tabbatar kana bukatarsa. Idan burinka kawai kwantirola ta yi magana da laftof, ɗan adaftan USB mai CH340 ko CP2102 ko FT232 wanda ƙafafunsa ke fitar da bolt 5 ko 3.3 ya wadatar, babu ruwanka da MAX232. Shi wannan ai-si sai inda ɗaya ɓangaren RS-232 ne na gaske.

Abin da za ka sayo

A Zongo Lane, can cikin gari wajen Makola, ake samun yawancin kayan nan. Kebul ɗin USB mai kan DB9, wato kan nan mai ƙafa tara, kuma ka duba wajen masu kayan kwamfuta a Circle. Kana bukatar ai-si ɗin kansa mai ƙafa 16, soket ɗinsa, kafasita biyar, kan DB9, allon gwaji, 'yan wayoyi, da mitar auna wuta. Mita ba ta cikin abin da ake cewa "in da hali". Ba ka da ita, ara.

Karanta rubutun da ke bayan ai-si tun kana gaban mai kanti, domin shi zai gaya maka kafasitar da za ka saya. MAX232 zalla yana son maikurofarad 1. Wanda aka rubuta MAX232A yana aiki da 0.1, wato 'yar ƙaramar nan ta tangaran da ake rubuta wa 104. Dukansu bolt 5 suke ci, kuma ba sa son ta sauka ƙasa da 4.5. Idan kwantirolarka ta bolt 3.3 ce, kamar ESP32, to MAX3232 za ka nema ka ba shi 3.3, da kafasitoci 0.1. Jerin ƙafafunsa ɗaya ne da na MAX232. Kada ka ce za ka lallaɓa da MAX232 a kan 5 ka haɗa shi da ESP32, domin zai riƙa tura mata bolt 5 a ƙafar da ba a yi ta don haka ba. Kafasitocin kuma su zama masu jure bolt 16 zuwa sama. Masu 25 ko 50 su suka fi yawa a kanti, kuma sun yi.

Ka sayi ai-si biyu. Jabu sun yi yawa a wannan lamba ko'ina a duniya, kuma mai kanti ma sau da yawa bai san abin da aka sauke masa ba.

Gane ƙafafu

Ajiye shi rubutu na kallonka, ɗan yankan nan mai kamar rabin wata yana sama. Ƙafar farko ta hagu ita ce 1. Ka gangaro ta hagu har 8, ka tsallaka dama daga ƙasa, 9, ka hauro har 16 a sama. Saboda haka 16 tana fuskantar 1, 9 tana fuskantar 8.

Ƙafa 16 wuta ce, bolt 5. Ƙafa 15 ita ce GND, girawun. Lura da wannan, domin a mafi yawan ai-si masu ƙafa 16 girawun yana ƙafa 8 ne, hannu kuma ya saba. A nan ƙafa 8 mashigar saƙo ce. Ƙafa 1 zuwa 6 duk na kafasitoci ne. Sauran takwas hanyoyi huɗu ne, biyu masu fita, biyu masu shiga: 11 tana shiga ta fita a 14, 10 ta fita a 7, 13 ta fita a 12, 8 ta fita a 9. Ƙafa 9, 10, 11 da 12 su ke kallon kwantirola; 7, 8, 13 da 14 su ke kallon waje inda babbar wuta take. Mu hanya ɗaya ta kowane gefe za mu yi amfani da ita: 11 da 14, sai 13 da 12.

Kafasitoci, inda aka fi faɗuwa

Abin da ya sa wannan ai-si ya karɓu shi ne daga bolt 5 kaɗai yake ƙera wa kansa wajen +10 da -10. Ga yadda yake yi. Yana cika kafasita ta farko da bolt 5, sai ya ɗauke ƙafarta ta ƙasa ya ɗora a kan layin 5, kamar yadda ake jera batir biyu a tocila, sai samanta ya zama 10. Ya juye wannan a wata kafasitar ajiya. Daga nan ya cika kafasita ta biyu da goman nan, ya kifar da ita, kanta ya koma girawun, sai gindinta ya zama -10, ya juye a wata ma'ajiyar. Haka yake yi sau dubbai a kowace daƙiƙa. In ka fahimci wannan, ba sai ka haddace inda kowace ƙafa ke kallo ba.

Cire wuta tukuna. Kafasita ta farko tsakanin ƙafa 1 da 3, doguwar ƙafarta, wato fozitif, a 1. Ta biyu tsakanin 4 da 5, fozitif a 4. Ta uku, fozitif a ƙafa 2, ɗaya ƙafar a 16. Za ka ga wasu zane-zane sun kai ta girawun maimakon 16. Duka biyun suna aiki, muddin fozitif na kan 2.

Ta huɗu ita ce mai tarko. Tana tsakanin ƙafa 6 da girawun, amma fozitif ɗinta ne ke zuwa girawun, gefen da ke da farin zane mai alamar nagatif shi ke zuwa ƙafa 6. Duk wanda ya saba gyaran rediyo hannunsa zai so ya juya ta, don a ko'ina nagatif ke bin girawun. A nan ƙafa 6 tana ƙasa da girawun da kusan bolt goma, saboda haka girawun ne babba. In ka juya ta, wutar nagatif ba za ta tsaya ba, kafasitar ta ɗumama, wani lokaci har kanta ya kumbura. Masu amfani da kafasitar tangaran ba su da wannan damuwa, tunda ita ba ta da gaba da baya. 105 aka rubuta wa mai maikurofarad 1.

Ta biyar tsakanin 16 da 15, fozitif a 16, kuma ta matso jikin ai-si iyakar iyawa. Mutane na raina ta don abin yakan yi aiki ba ita. Amma famfon nan na ciki, mai ƙera +10 da -10, yana fisgar wuta ne a gutsure-gutsure, kuma ƙazantar da yake jefawa a layin bolt 5 tana iya sa kwantirola ta riƙa sake tashi ba dalili, ko ma'aunin analog ya riƙa rawa. Sauran huɗun ma a gajarce ƙafafunsu, kada a bar su tsaye kan dogayen wayoyi.

Ƙafa 10 da ba mu amfani da ita, ɗaure ta a girawun ko a layin wuta, musamman a MAX3232 wanda ba shi da razistar ciki da ke riƙe ta. Ƙafa 7, 8 da 9 ka bar su haka.

Auna shi shi kaɗai

Har yanzu ba kwantirola, ba kebul. Ba shi wuta, baƙar wayar mita a ƙafa 15. Ƙafa 16 ta nuna 5. Ƙafa 2 ta nuna wani abu tsakanin +8 da +10, ƙafa 6 kuma kusan haka a nagatif. A MAX3232 adadin ya fi ƙanƙanta, wajen 5.5 kowane gefe, kuma daidai ne. Idan ƙafa 2 ta tsaya a wajen 4 ko 5, famfon bai tashi ba: duba kafasita ta farko. Idan 2 ta yi daidai amma 6 na kusa da sifili, laifin na ta biyu ne ko ta huɗu. Ɗora yatsa a bayansa. Ai-si ɗin da ba ya ɗauke da kaya abin da yake ci bai wuce miliamfa 10 ba, bai kamata ya yi zafi ba ko kaɗan. In ya yi zafi kuma haɗinka daidai ne, cire shi ka sa na biyun.

Sai gwajin da na fi so, don ba ya bukatar kwamfuta. Ɗauki 'yar waya ka haɗa 14 da 13. Taɓa ƙafa 11 da bolt 5: ƙafa 14 ta koma nagatif, wajen -7 zuwa -9, ƙafa 12 ta nuna 5. Mayar da 11 girawun: 14 ta koma fozitif, 12 ta faɗi sifili. Abin da ka sa a 11 shi ke fitowa a 12, bayan ya kife sau biyu. In haka ta faru, ai-si ɗinka lafiya lau, duk matsalar da ta biyo baya ba tasa ba ce. Cire 'yar wayar.

Gefen DB9

Ƙafa uku kawai muke so: 2, 3 da 5. Biyar girawun ce a kullum, ka kai ta ƙafa 15. Lambobin suna rubuce ƙanana a jikin robar kan, ka haska fitilar waya ka karanta. Kada ka ƙirga da ka, domin namiji da mace jerinsu a juye yake, kuma in ka juya bayansa wajen liƙa dalma ya sake juyewa.

Rigimar tana kan 2 da 3. A kwamfuta, da kebul ɗin USB mai kan namiji, ƙafa 3 ce ke aikawa, 2 ke karɓa. Don haka idan allonka da kwamfuta zai yi magana, sa masa kan mace, ƙafa 14 ta ai-si ta je 2, ƙafa 13 ta je 3, a yi amfani da kebul miƙaƙƙe. Amma sikeli ko firinta ko inbata, kowane kamfani da ra'ayinsa. Wani ya bi tsarin kwamfuta, wani ya bi akasinsa, wani ma ya fito da layin ta soket irin na intanet. Ga kuma kebul da ake sayarwa iri biyu, miƙaƙƙe da wanda aka gicciya 2 da 3 a cikinsa, a ido kuwa ba su da bambanci.

Kada ka yi ta canki-canka. Kunna na'urar, kebul ɗin da za ka yi amfani da shi yana jikinta, ɗaya bakin a sake. Baƙar wayar mita a rami na 5, ja a rami na 2, sannan na 3. Wanda ya nuna nagatif, ko -5 ne ko -9 ko -12, shi ne bakin da na'urar ke magana da shi, shi za ka kai ƙafa 13. Wanda ya nuna kusan sifili kunnenta ne, shi ke zuwa ƙafa 14. Rubutun TX (aikawa) da RX (karɓa) da ke jikin takarda ba ya gaya maka daga wane gefe aka kalli abin, mita kuwa ba ta da wannan ruɗani. In duka biyun sifili suka nuna, ko dai sai an kunna fitar da saƙo a saitin na'urar, ko kuwa ƙofar ba RS-232 ba ce. In ka ga +5 ko +3.3 zaune, wataƙila irin wutar kwantirola take fitarwa kai tsaye, ka dakata ka nemi takardarta. A kula da UPS musamman: wasunsu suna da kan DB9 amma jerin ƙafafunsu nasu ne na kansu, kuma kebul na gama-gari yana iya kashe su nan take.

Idan da kwamfuta kake gwaji, ga mataki na gaba. Haɗa ƙafa 11 da 12 da 'yar waya, buɗe manhajar PuTTY ko Tera Term, zaɓi lambar COM ɗinka, ka kashe sarrafa kwararar saƙo, wato ka sa shi a None. Duk harafin da ka buga ya dawo allo. Cire wayar, ya daina dawowa. Sai dai ka sani wannan gwaji hanya kawai yake tabbatarwa, ba ya cewa komai game da gudu, tunda mai aikawa da mai karɓa abu ɗaya ne.

Yanzu kwantirola

Kashe wuta. Ƙafar TX ta kwantirola ta je ƙafa 11, ƙafa 12 ta je RX, girawun ɗinsu ya zama ɗaya. A ATmega328P mai ƙafa 28, RX ita ce ƙafa 2, TX ƙafa 3. A PIC16F877A mai ƙafa 40, TX tana 25, RX tana 26. A dangin 8051 irin AT89S52, RX ƙafa 10, TX ƙafa 11.

Masu Arduino Uno, D0 da D1 su ne waɗannan ƙafafu, amma ta nan ne kuma allon ke karɓar shiri daga USB. Muddin ƙafa 12 na riƙe da D0, loda shiri zai riƙa ƙi. Ko ka zare wayar duk lokacin lodi, ko ka koma wasu ƙafafu da SoftwareSerial, wanda a gudun 9600 ba ya ba da matsala sosai. Mai Arduino Mega ya huta: Serial1 tana kan 19 don karɓa, 18 don aikawa, USB kuma ta zauna don kallon abin da ke shigowa. Shirin farko kada ya wuce buɗe layukan biyu da Serial.begin da Serial1.begin, sannan duk abin da Serial1.read ta kawo a miƙa wa Serial.write. Sai ka ga saƙon sikeli da idonka kafin ka fara rubuta abin da zai tsinto nauyi daga ciki.

In haruffa suka fito a hargitse

Wannan labari ne mai daɗi, don yana nufin wayoyinka daidai suke, saura gudu da tsari. Yawancin na'urori suna kan 9600, bit takwas, ba bit ɗin tantancewa, bit ɗin tsayawa ɗaya, abin da ake rubutawa 8N1. Kowane harafi bit goma ke nan, haruffa 960 a daƙiƙa. Akwai masu 2400, 4800 ko 19200. Duba saitin na'urar. In kuwa wasu haruffa na fitowa daidai wasu na lalacewa, kuma kullum waɗanda ke lalacewar su ne dai, to gudu daidai ne, na'urar tana kan 7E1 ne, kamar yadda wasu sikeloli suke. A Arduino sai ka ƙara SERIAL_7E1 a wajen buɗe layin.

Wanda ya sayi ATmega328P sabuwa dal ya dasa a allonsa, ya tuna daga kamfani tana zuwa ne a kan agogonta na ciki mai megahaz 8 da aka raba takwas, wato megahaz 1. Ko ka liƙa mata kiristal na 16, ba za ta kula shi ba sai ka canja fiyus ɗinta na saiti. Ga dabarar ganewa in mitarka na auna Hz: sa kwantirola ta yi ta aika babban harafin U ba tsayawa. Bit ɗinsa sifili da ɗaya ne a jere bi da bi, don haka a gudun 9600 mita za ta nuna kusan 4800 a ƙafa 11. In ta nuna wajen 300, kwantirolar na gudu a megahaz 1 alhali shirin na zaton 16.

Kiristal ma da nasa. Na megahaz 16 a gudun 9600 kuskurensa kashi 0.2 cikin ɗari ne kawai, amma a 115200 yana kaiwa 2.1 ko 3.5 gwargwadon saiti, wanda ya isa ya sa wata na'urar ta ƙi fahimta. Shi ya sa ake ƙera kiristal masu lambobi kamar 11.0592 da 14.7456, su suna rabuwa daidai ba saura. Ni dai in ba dole ba, ba na wuce 9600 ko 19200. Nauyin buhu ba ya bukatar gaggawa.

Wata na'urar kuma, galibi firinta ko tsohuwar manhajar kwamfuta, ba za ta ce uffan ba sai ta ga alamar izini a wasu ƙafafun. A kan DB9 na gefenta, haɗa 7 da 8, sannan ka haɗa 1 da 4 da 6 wuri ɗaya, sai ta riƙa ba kanta izini. In aikin na son izinin gaske, hanyoyi biyun da muka bari, 10 zuwa 7 da 8 zuwa 9, don haka aka tanade su.

Daga allon gwaji zuwa wurin aiki

Allon gwaji ba wurin zama ba ne, balle a garin da iskar teku ke cin ƙarfe. Da abin ya yi aiki, mayar da shi kan bero, allon nan mai huji-huji da layukan tagulla, ka liƙa da dalma, ka sa soket don in ai-si ya mutu a zare a sa wani. Lokacin hunturu da iska ta bushe, taɓa ƙarfe kafin ka taɓa ƙafafunsa.

Ƙafa 5 ta DB9 tana haɗa girawun ɗin allonka da na na'urar, kuma gidaje da shaguna da yawa a unguwanninmu soket ɗinsu ba wayar ƙasa. Kwamfutar tebur da ke ɗan jan hannu in an taɓa bayanta, ita ce mai kashe irin wannan ai-si a lokacin cusa kebul. Kashe duka biyun, haɗa kebul, ɗaure sukurorinsa, sannan ka kunna. Da inbata kuwa, kafin ka haɗa komai, auna tsakanin girawun ɗinta da naka, a AC da DC duka. In ka ga wuta mai yawa, kada ka haɗa kai tsaye, nemi abin raba layi mai ofto, wanda ke tsallakar da saƙo da haske ba waya, ka sa a tsakani.

Tsawon kebul kada ya wuce mita 15; a ƙaramin gudu da kebul mai kyau akan zarce haka, amma ba abin dogaro ba ne, musamman in wayar za ta bi kusa da janareta ko injin walda. Idan sikeli na bakin ƙofar sito ne ofis kuma na can ƙarshen fili, ajiye kwantirola da MAX232 ɗinta kusa da sikelin da gajeren kebul, daga nan ka ɗauki saƙon da MAX485 a kan tsarin RS-485, wanda da waya biyu murɗaɗɗu yake kai wa mita 1200 a ƙaramin gudu.